A Tattara Kayan Malam Sa'adu Zungur Tun Da Sauran Masu Shaida

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga hukumomin Jihar Bauchi kan Malam Sa'adu Zungur, mawaƙi kuma ɗan gwagwarmayar siyasa, Allah ya jiƙansa. An sa wa jami'ar jiha da ke Gaɗau sunansa, kuma na yaba. Amma suna a jikin allon ƙofa ba ya nuna wa yaro yadda mutumin ya rayu, balle yadda ya yi waƙa.

Na koyar da Hausa a sakandare har na yi ritaya. Duk shekarar da muka zo kan "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ko "Maraba da Soja", sai ɗalibai su haddace baitoci kamar daga sama suka faɗo. Da za su ga takardar da ya rubuta da hannunsa, su ga inda ya soke kalma ya sa wata don amsa-amo ya zauna, da sun gane cewa waƙa aiki ce da ake yi da gumi. Mutumin nan ya yi karatu a Katsina da Yaba, ya dawo suka riƙa shirya muhawara a Bauchi shi da Malam Aminu Kano a shekarun 1940, yana faɗa wa Turawa da sarakuna gaskiya alhali ciwo na cin ƙirjinsa, har ya rasu a 1958. Wasiƙunsa, alƙalaminsa, littattafan da ya yi wa ta'aliƙi a gefe, ko da hularsa ce, duk tarihin Arewa ne.

Ba sabon abu nake nema ba. A Kano an adana gidan Malam Aminu na Mambayya, a nan Bauchi kuma ana nuna kayan Tafawa Ɓalewa a hubbarensa. Me zai hana mawaƙin da ya yi gwagwarmaya a zamani ɗaya da su ya sami ko ɗaki guda?

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lokaci. Na taɓa halartar buɗe adakar wani dattijon malami a unguwarmu bayan rasuwarsa. Gafakar tana nan lafiya lau, amma da aka zare igiyar sai gari ya zubo. Gara ta gama da takardun, sai 'yan gutsattsarin da jan tawadar wasali ke jiki. Magada suka yi ta salati. Haka rabon gado da yoyon damina ke cinye mana tarihi.

Don haka ina roƙon jami'ar ta tura masana su zauna da zuriyarsa da iyalan abokansa na jam'iyyar NEPU, cikin ladabi, ba da takardar umarni ba. Wanda ya yarda ya bayar, a rubuta sunansa a jikin kayan. Wanda bai yarda ba, a ɗauki hoton abin da ke hannunsa a kwamfuta a mayar masa da kayansa. A kuma naɗi muryar dattawan da suka gan shi da idonsu, domin sun kusa ƙarewa.

Naka,
Tsohon malamin Hausa, Bauchi.