A Daina Zubar da Tsofaffin Littattafan Nancy Drew

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga masu kula da ɗakunan karatu na makarantu, da iyayen da suka yi sakandaren kwana kamar ni, a kan wani littafin yara da nake ganin ana yi masa riƙon sakainar kashi. Littafin shi ne The Secret of the Old Clock, na farko a jerin labaran Nancy Drew, yarinyar nan mai bin diddigin asirai, wanda kamfanin Grosset & Dunlap ya fitar a Amurka a 1930.

Da yawa daga cikinmu mun karanta shi da tocila bayan an kashe fitilar ɗakin kwana. Labarin gado ne. Wani dattijo mai suna Josiah Crowley ya rasu, dangi masu hali suka handame dukiyarsa, talakawan da ya yi wa alkawari suka tashi a tutar babu. Nancy ta bi sawu har ta gano ɗan littafin rubutunsa a ɓoye cikin agogo, shi ya nuna inda wasiyyarsa ta ƙarshe take. Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya san irin wannan rigima.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, littattafai biyu ne ke yawo da suna ɗaya. Na 1930 babi 25 ne. A 1959 Harriet Adams, 'yar Edward Stratemeyer wanda ya ƙirƙiro jerin, ta sake rubuta shi, ya koma babi 20. Mai bangon nan da bayansa rawaya, wanda ya fi yawa a hannun masu sayar da littattafan gwanjo, sabon rubutun ne. Ina da duka biyun, kuma na ajiye su gefe da gefe na karanta. Nancy ta farko shekarunta 16, ga tsiwa ga ƙarfin hali, ta ɗauke agogon daga motar ɓarayi ta ɓoye wa 'yan sanda. Ta biyun an ƙara mata shekaru zuwa 18, an sa mata ladabi, an rage mata kaifi, labarin kuma sai gudu yake yi ba ya tsayawa ya nuna maka gari ko mutanensa.

Gyaran yana da dalilinsa, ba na musu. A tsohon rubutun akwai wani mai gadi baƙar fata, Jeff Tucker, da aka siffanta shi mashayi abin dariya, kuma raina ya ɓaci da na karanta wurin. A 1959 aka mayar da shi farar fata. Amma wannan ma dalili ne na adana tsohon bugun. Ina so ɗalibanmu manya su gani da idonsu irin abin da ake ba yaran Amurka su karanta game da baƙar fata a wancan zamani, malami ya zauna da su a tattauna.

Sunan marubuciya Carolyn Keene da ke kan bango kuwa na aro ne. Wadda ta rubuta na farkon ita ce Mildred Wirt, daga baya Benson, 'yar jihar Iowa, an biya ta dala 125 ta sallama haƙƙinta. Ta rubuta 23 daga cikin littattafai 30 na farko na jerin, aka daɗe ba a ambatonta, sai da ta ba da shaida a kotu a 1980. Ta rasu a 2002 tana aikin jarida a birnin Toledo na Amurka. Tsohon rubutun ne kaɗai ke ɗauke da ainihin kalamanta.

Ga mai son tarawa, kada shekarar 1930 da ke shafin ciki ta ruɗe shi. Kamfanin ya ci gaba da buga wannan shekarar a kan duk kwafin da ya fitar har zuwa lokacin gyaran, don haka wani mai sayarwa zai rantse maka bugun farko ne alhali na bayan yaƙin duniya na biyu ne. A fara ƙirga babi. Sannan a duba jerin sunayen littattafan da aka tallata a ciki ko a jikin rigar takardar da ke lulluɓe bango: in jerin ya yi tsawo, bugun na baya ne, domin littattafai uku kacal aka fara fitarwa tare. Na farko-farkon bangonsu shuɗi ne mai tauri, da hotunan da Russell Tandy ya zana a kan takarda mai sheƙi. Rigar takardar nan ita ce ta fi saurin yagewa, ita ce kuma masu tarawa suka fi nema. Akwai kuma kwafin da kamfanin Applewood Books ya sake bugawa a 1991 da tsohon rubutun. Yana da kyau don karatu, amma kada a saye shi da kuɗin tsoho.

Na taɓa ganin wata makaranta ta kwashe tsofaffin littattafanta ta jibge a sito, gara da ɗanshin damina suka cinye rabi, sauran suka ƙare a hannun masu ƙosai. Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne, kafin a kwashe, a sa malamin Turanci ya duba ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ware a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da rana, kuma don Allah kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, domin yana rina takarda ya bar tabon da ba ya fita.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Malamar makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.