Barka da Sallah daga ƙasar Asti

Assalamu alaikum, Baba da Inna. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana.

Na san yanzu hayaƙi ya rufe unguwa. An kafa itace a ƙofar gida, an baje raguna a kan sanduna an jera su kewaye da wuta, Kawu yana tsaye da sandarsa yana korar yara kamar shi ya sayi ragunan Damagaram gaba ɗaya. Wannan gashin shi ne abin da ya hana ni sukuni tun asuba. Nan Italiya doka ba ta yarda mutum ya yanka layya a gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mun haɗa kuɗi da 'yan Senegal da wani ɗan Maroko, sai gobe za a ba mu naman a leda, a sanyaye. Nama dai nama ne, amma ina ƙaurin? Ina kitsen da ke ɗiga cikin kwano, ina hantar da Inna ke fara soya wa Baba kafin kowa ya taɓa komai? Gobe kuma ranar rabo, Auta na yawo da faranti gida-gida. Kai, bari in bar zancen nan.

Idi mun yi shi a wani babban ɗaki a Asti. Na sa shaddar nan ruwan toka, Turawa na ta kallona a tasha, wata tsohuwa har ta tambaye ni ko aure zan yi.

Baba, ka ce in faɗa maka abin da muke nomawa. Inabi ne, tudu bayan tudu, a yankin Monferrato na jihar Piyemonte. Yanzu 'ya'yan ba su yi girma ba, aikinmu cusa rassa cikin waya da rage ganye don iska ta shiga, ana kuma fesa farar wuta saboda cuta. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Tsinka sai Satumba da Oktoba.

Da na zo, inabi duk ɗaya ne a idona. Ashe iri-iri ne, kowane da halinsa. Akwai manya da duniya ta sani, Nebbiolo da Barbera da Moscato, su ne masu kuɗi. Amma mai gonarmu, wani dattijo da ba ya gajiya da surutu, zuciyarsa na kan ƙananan da ba a san su a waje ba. Akwai Grignolino, mai yawan ƙwallo a ciki, ga shi ba ya nuna tare: a zangarniya ɗaya wasu sun yi ja, wasu na nan kore. Akwai Ruchè na garin Castagnole Monferrato, wanda ya kusa ɓacewa, sai limamin cocin garin, Don Giacomo Cauda, ya kama nomansa a gonar coci tun shekarun 1960. A 1987 hukuma ta ba shi sunansa na kansa. Ɗanyensa na ci lokacin tsinka: zaƙi sosai, da ƙamshi irin na fure. Can wajen Tortona kuma akwai fari mai suna Timorasso, wahalalle, mai saurin ruɓewa, shi ya sa manoma suka tumɓuke shi suka dasa Cortese mai yawan 'ya'ya. Wani manomi, Walter Massa, ya dage a kansa daga 1987, yanzu ga shi manyan kamfanoni na rububin sayen fili a can.

Dattijon ya ce asalin ɓarnar wani ƙwaro ne da ya zo daga Amurka a ƙarshen shekarun 1800, yana cin saiwa. Maganin da aka samu shi ne aure, yadda ake yi wa mangwaro: saiwar Amurka a ƙasa, reshen gida a sama. Da aka zo sake dashe, kowa ya zaɓi irin da zai cika masa kwando, matasa kuma suka tafi masana'antu a Turin, sai tsofaffin iri suka rage a hannun masu taurin kai. Yana wannan bayani ni kuwa ina tuna zango, geron Kaka da take ratayewa a rumbu, wanda Yaya ke cewa a bar shi tunda sabon iri ya fi saurin nuna. Baba, don Allah ko kunya biyar ce a ci gaba da shuka shi. A ganina Kaka ce ke da gaskiya.

Inna, na san abin da ke ranki. E, giya suke yi da inabin. Ban taɓa kai ta baki ba, aikina kuma a bakin gona yake ƙarewa. Duk da haka abin na damuna, ina neman komawa gonakin tuffa na Saluzzo in takarduna sun fito. Ki sa ni a addu'a.

A gaishe min da Kaka, gaisuwa ta musamman. A ce mata ina jin muryarta a saƙon da aka turo, na saurara har batir ya mutu, kuma kuɗin goronta yana cikin abin da na aiko, kada kowa ya taɓa. Yaya ciwon gwiwar? A kai ta asibiti ko ta ƙi. A gaida Gwaggo, ita ma ba na mance dambun namanta, in an sami mai zuwa ta san abin yi. Auta, an ce kin fara saka takalmi mai tsini, to sannu hajiya, barka da Sallarki na wurin Inna. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Kawu, da Malam, da maƙwabta. Abokaina na majalisa kuwa ba na gaishe su, tunda ko hoton rago ɗaya ba su turo ba.

Ku turo min hoton wutar kafin a kwashe.

Naku,
ɗanku na Italiya