Duhun Batman daban, na Superman daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kallon fina-finan jaruman Amurka, su Batman da Superman. Tun da fim ɗin Superman na darakta James Gunn ya fito a watan Yulin 2025 maganar ta sake tashi. Wasu na murna an dawo musu da jarumi mai fara'a, mai jan kamfai a kan wando, mai yawo da kare, wanda ana tsakiyar faɗa zai tsaya ya ceci kurege. Wasu kuma na cewa an raina musu hankali, an mayar da su 'yan firamare, su a ba su Superman ɗin Zack Snyder, mai ɗaure fuska, wanda aka rage wa launi har shuɗin rigarsa ya dushe. Ni a ganina dukansu sun bar jaki suna dukan taiki.

Masu cewa tsanani da kisa sabon abu ne da aka cusa wa waɗannan jarumai, tarihi bai goyi bayansu ba. Lokacin da Bob Kane da Bill Finger suka fito da Batman a littafin zane a 1939, yana kashe mutane, wani lokaci har da bindiga. Daga baya aka ɗaure masa hannu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya tayar da ƙura cewa littattafan zane na lalata tarbiyyar yara, magana ta kai gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, sai masu buga littattafan suka kafa wa kansu hukumar tacewa tun kafin gwamnati ta kafa musu. A wannan yanayi ne aka samu Batman ɗin talabijin na 1966, wanda Adam West ya fito a ciki, rabinsa wasa rabinsa raha. Shi ne wasu dattawan Amurka ke ɗauka a matsayin na asali, alhali shi ma gyararre ne. A 1986 Frank Miller ya mayar da shi gidansa na duhu da littafin The Dark Knight Returns.

Haka masu fim ma suka yi ta kai-gauro-kai-mari. Tim Burton ya yi nasa mai duhu a 1989 ya karɓu, ya ƙara wuta a 1992 har iyaye suka yi ca, ganin an tallata wa yara fim ɗin da bos ɗinsa ke gartsa wa mutum cizo a hanci jini na tsartuwa. Kamfanin Warner ya tsorata ya sauya darakta, aka koma barkwanci, har aka kai ga Batman & Robin na 1997, wanda ya sha zagi har aka yi shekara takwas ba a sake fim ɗin Batman ba.

Wanda ya sauya lissafin shi ne darakta Christopher Nolan, musamman da The Dark Knight na 2008, wanda ya haura dala biliyan ɗaya a sinima, Heath Ledger kuma, wanda ya fito a matsayin Joker, bos ɗin fim ɗin, ya ci kyautar Oscar bayan rasuwarsa. Duk wanda ke kafa hujja da fim ɗin nan wajen yabon duhu, ina so ya sake kallon ƙarshensa a tsanake. Joker ya dasa bam a jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da fursunoni, ɗaya cike da mutanen gari, ya ba kowane jirgi makunnin bam ɗin ɗaya jirgin, ya ce wanda ya riga dannawa shi zai tsira. Mutanen gari har ƙuri'a suka kaɗa, masu son a danna suka yi rinjaye, amma da aka zo dannawar hannu ya ƙi. A ɗaya jirgin wani ƙaton fursuna ya taso ya karɓi makunnin daga hannun jami'i, kowa ya saddaƙar dannawa zai yi, sai ya wurga shi ta taga cikin ruwa ya koma ya zauna. Shi kuma Batman, bayan ya jefo Joker daga saman bene, ya harba igiya ya cafke shi kafin ya kai ƙasa. Fim ne mai duhu ƙwarai, amma duhun an kawo shi ne don a gwada mutane a ga abin da za su ƙi aikatawa ko da wuƙa na wuyansu.

Abin da masu kuɗin fim suka fahimta daga wannan nasara kuwa shi ne ɗaure fuska na kawo kuɗi. Suka zama kamar mai girkin da ta ga yaji ya sa tsire ya ƙare da wuri, sai ta zuba shi har a kunun jarirai.

A nan Man of Steel na 2013, fim ɗin Superman na darakta Zack Snyder, ya shigo. Kowa na maganar wurin da Superman ya karya wuyan Janar Zod, bos ɗin fim ɗin, a tashar jirgin ƙasa don ya hana shi ƙone wasu iyali da wutar idonsa. Magoya bayan Snyder kan ce ai ba shi da zaɓi, kuma ko a littafin zane na 1988 Superman ya taɓa kashe Zod. Gaskiyarsu ne, ni ma ban ga laifin kisan ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kafin a zo wannan wuri, mun daɗe muna kallon benaye na birnin Metropolis na rugujewa, ba mu ga jarumin ya yi wani ƙoƙarin kirki na janye faɗan zuwa bayan gari ba. Akwai inda Zod ya turo masa tankar mai, ya goce mata, ta je ta tashi da ginin da ke bayansa, ko waiwaye bai yi ba. To mutumin da bai waiwayi wannan ba, ta yaya za a ce in yarda ransa ya ɓaci don mutum ɗaya har yana kurma ihu? Kuma ana gama ihun, fitowa ta gaba har an koma raha da wani janar na soja. Ko uban da ya raine shi, da yaron ya tambaye shi ko da sai ya bar 'yan makarantarsu su nutse a motar da ta faɗa kogi, amsar da ya ba shi ba ta wuce ta mai shakka ba.

Batman yaro ne da aka harbe iyayensa a gabansa a lungu, duhu gadonsa ne. Superman kuwa, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, labarinsa na maraya ne da manoma masu kirki suka tsinta suka raina, ya tashi da ƙarfin da babu mai iya tanƙwara shi, amma ya zaɓi ya yi wa mutane hidima. Abin sha'awar ke nan. In ka cire wannan, me ya rage? Wani mai ƙarfi ne kawai a cikin masu ƙarfi.

Sauran labarin sananne ne. Batman v Superman na 2016 ya sha suka, kamfani ya rikice, aka kawo darakta Joss Whedon ya ƙarasa Justice League na 2017, wanda Snyder ya fara, da cusa barkwanci inda bai dace ba, aka gudu gara aka faɗa gidan zago. Magoya bayan Snyder suka yi shekaru suna matsa lamba a intanet har aka saki nasa mai awa huɗu a 2021, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi na 2017 nesa ba kusa ba, don aƙalla mutum ɗaya ne ya san inda ya dosa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa raha ce maganin komai ba. Logan na 2017, fim ɗin jarumi Wolverine, jini ne da tsufa da mutuwa, kuma yana cikin mafiya kyau da aka taɓa yi, saboda halin Wolverine ke nan tun fil azal.

Abu na ƙarshe, Malam Edita, ya shafe mu nan gida. A Amurka fim ɗin Joker na 2019 da Logan suna cikin rukunin da ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga sinima sai da babba. A nan kuwa yaro zai kai waya wurin masu tura fim a cika masa da naira kaɗan, ba mai tambayar shekarunsa, uba kuma ya leƙa ya ga mai fentin fuska ko mai rigar zane ya ɗauka katun ne. Ina roƙon duk lokacin da shafinku na nishaɗi zai yi sharhin irin waɗannan fina-finai, a riƙa rubuta rukunin shekarun da aka ware musu a saman sharhin, da Hausa, yadda iyaye za su gane.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Zariya