Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi: Kwamfutocin Suna Nan Cikin Kwalayensu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da aiki. Ni malamin kimiyya ne a ɗaya daga cikin makarantun sakandaren da ke ƙarƙashin ma'aikatarku, kuma ba zan ci maka lokaci ba.

Na san ba ka manta ranar da aka kawo mana kwamfutocin hannu ba. Kai da bakinka ka ce alli ya kusa zama tarihi, ka ce kafin zangon ya ƙare kowane malami zai samu horo. Muka yi tafi, aka ɗauki hoto. Ƙurar motocinku ba ta gama kwantawa ba aka mayar da su kwali aka garƙame sito. Yau zango na 3 ke nan. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ban ga laifin shugaban makarantarmu ba. An sa shi ya sa hannu cewa duk wadda ta fashe ko ta ɓata, a albashinsa za a cire. Ko ni ne, makullin a aljihuna zai riƙa kwana. Makon jiya muka buɗe siton don a ƙirga wa sufeto, sai ga wasu batirinsu ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, don irin wannan batirin in ya daɗe babu caji mutuwa yake yi. Waɗanda suka kunnu kuma suka nemi lambar sirri. Lambar tana hannun ɗan kwangila, ɗan kwangila ba ya ɗaga waya. Sufeto ya ƙirga, adadi ya cika, ya rubuta komai lafiya.

Horon da ka yi alkawari kuwa, an yi shi, kada in yi ƙarya. Bita ce ta kwana 2 a otel. Wani bawan Allah ya wuni yana haska mana rubutu da majigi, ba wanda ya taɓa na'ura ko sau ɗaya, aka sallame mu da jaka da biro da takardar shaida. Akwai abokin aikina da ya shekara sama da 20 yana koyar da lissafi, gwani ne, amma har yau bai san yadda zai buɗe manhaja ya ba yara aiki a ciki ba. A takarda dai shi ma "horarre" ne.

Nan ne ciwona, ranka ya daɗe. Kun sayi ƙarfe, kun tsallake malami. Kuma ba ku ne farau ba. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da aka ƙaddamar a 2005, ƙasar Peru ta rungume shi ta raba sama da kwamfutoci 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a 2012, bai ga wani ci gaba a makin lissafi da na harshe ba. A Los Angeles ta Amurka, masu kuɗi ke nan, sun fara raba wa ɗalibai kwamfutar hannu ta iPad a 2013 da kasafin da ya haura dala biliyan 1, shirin ya wargaje tun bai yi nisa ba. Yurugwai ita ma ta fara nata a 2007, amma ta haɗa da gyara, da intanet a makarantu, da horon malamai, shi ya sa da korona ta rufe makarantu a 2020 karatunsu bai tsaya cak ba. Gani ga wane ai ya isa.

Abin takaicin, kayan koyarwar kyauta ne. Rannan ina koyar da zagayen lantarki, na buɗe PhET, manhajar gwaje-gwaje ta Jami'ar Colorado, a 'yar wayata. Yara suka yanyame ni, kai bisa kai. Wata yarinya ta ja wayar lantarki da yatsa a cikin manhajar ta haɗa batir da ƙwan fitila, ƙwai ya kama, ta ƙara batir na biyu haske ya ƙaru. Ajin ya ɗauki sowa. Abin da na yi mako ina zanawa a allo, ta gane shi nan take. Na baya ba su ga komai ba, ga kuma sito can a kulle, taku kaɗan daga ajin. Akwai manhajar GeoGebra don lissafi. Manhajojin karatu na Kolibri da Kiwix ma ba sa buƙatar intanet in an sauke su, na biyun har Wikipedia yake ɗauka.

Batun wutar caji da majigin da ƙwansa ya ƙone, na bar shi sai wani jiƙon. Haka rashin darussa cikin harshen da yara ke ji.

Don Allah a janye takardar nan da ta ɗaure shugabannin makarantu, a karɓo lambar sirri daga ɗan kwangila, a turo wanda zai zauna da mu a cikin aji, da na'ura a hannu, ko da rana ɗaya ce a mako har zango ya ƙare. In kana shakkar abin da na faɗa, ka zo ba sanarwa, ba 'yan jarida. Ranar Talata da safe ina da darasi, za ka same ni da alli a hannu.

Naka,
Wani malamin kimiyya