Kun liƙa sabon sitika, ba ku buɗe na'urar ba

Zuwa ga shugaban sashen gyara da daidaita awo,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Aikina gwada matatun iska na HEPA, masu tace ƙananan ƙura da ƙwayoyin cuta, a ɗakunan haɗa magani da na tiyata. Na rubuto ne a kan na'urarmu mai tayar da hazon mai, wadda muka aiko muku tare da fotomita, mai auna hazon da ya ratsa matatar iska, domin dubawar shekara. Sun daɗe a hannunku, sannan suka dawo kowacce da sabon sitika a gefenta.

Ranar da na haɗa mai tayar da hazon da kwampreso, injin hura iska, tun ban buɗe iska ba na ga allurar agogon matsi ta ƙi kwantawa a kan sifiri. Na ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ko gezau. Wannan agogon kuwa shi ne idon na'urar, domin bakin Laskin, bututun da ke mai da mai hazo, a kan matsin iska na psi 20 ake hura shi, kuma da wannan matsin muke lissafa yawan hazon da ke isa gaban matatar iska a wuraren da ba a iya aunawa kai tsaye. Sai na cire murfi na zaro bututun. Biyu daga ƙananan ramukansa huɗu a toshe suke da datti mai danƙo, zoben robar murfin ya tsage, mai na tsattsafowa har ya jiƙa mini hannu. Wallahi da wani ya buɗe ta ko na minti biyar ne, da ya gani.

Ga abin da ya hana ni barci. A gwajin da ƙa'idar duniya ta ISO 14644-3 ta tsara, muna neman yoyon da ya wuce kashi 0.01 cikin ɗari na hazon da aka tura. In ramuka sun toshe, hazon da ke fita bai kai wanda muka lissafa ba, yoyo zai bayyana ƙarami fiye da yadda yake. Sai in sa hannu cewa matatar iskar lafiya lau take, alhali a ƙarƙashinta ake cika kwalaben allura, ko kuma ga mara lafiya kwance an buɗe masa ciki. Sunana ne a kan takardar, amma ba ni zan sha wahalar ba.

Takardar shaidarku ma ta ƙara mini damuwa. Ba ku rubuta yadda kuka samu awon kafin ku taɓa shi ba, balle yadda kuka bar shi. To da me zan san ko gwaje-gwajen da na yi a watannin baya suna nan daram? Babu lambar ma'aunin da kuka gwada namu da shi, babu iyakar kuskuren awo, alhali ISO/IEC 17025, mizanin ɗakunan gwaji da kuke tallata kanku da shi, ya wajabta a nuna tushen awo da iyakar kuskurensa. Ko man da kuka daidaita fotomitar da shi, PAO ne ko DOP, ba a faɗa ba, kuma amsar da take bayarwa ga kowanne daban ce. Na kira sau uku, kullum a ce injiniya zai neme ni.

Na dakatar da aikin na'urorin biyu. Ku aiko a ɗauke su a kan kuɗinku, a wanke bakin, a canja agogo da zoben, a ba ni takarda mai cikakkun alƙaluma na kafin gyara da bayansa. Ina kuma son a rubuce ku gaya mini yadda aka yi mai tayar da hazon ta fito daga ɗakin gwajinku a haka, domin akwai masu ɗakunan da zan koma in yi wa bayani.

Naku,
Ma'aikacin gwajin matatun iska