Wasiƙar Sashen Kimiyya Zuwa Ga Iyaye: Darasin Fulawil

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yaranmu. Muna fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

In kun ga ɗanku ko 'yarku na aji biyu na babbar sakandare sun tsuguna suna leƙen ƙarƙashin keken ɗinki, kada ku kore su, aikin Fiziks ne muka ba su. A wannan zango muna nazarin juyawa, musamman faifan ƙarfen nan mai nauyi da makanikai ke kira fulawil.

Mun fara da ƙarfin murɗawa. Idan noti ya ƙi kwancewa, makanike yakan zura bututu a hannun sufana, nan take notin ya saki. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru. Lissafin shi ne ƙarfi sau nisa daga tsakiyar juyawa: hannun sufana ya ninka tsawo sau 3, murɗawar ma ta ninka sau 3.

Daga nan muka shiga injin niƙa mai dizal, inda darasin ya fi armashi. Fistin ɗinsa, wato ƙarfen da ke kai da komowa a cikin injin, na tafiya 4 a kowane zagaye na aiki, amma a ɗaya kaɗai man ke ƙonewa ya yi turi. Sauran ukun fa, wa ke tura shi? Fulawil ne. Yakan adana abin da ya samu a turin nan guda, ya riƙa sakinsa har wani turin ya zo, shi ya sa injin ke tafiya sumul ba fizge-fizge. Ku duba shi da kyau, za ku ga bakinsa ya fi kauri, don nauyin da ke nesa da tsakiya ya fi riƙe juyi. Sauri kuwa ya fi nauyi tasiri: in saurin ya ninka sau 2, makamashin da ke ajiye sau 4 yake ninkawa.

Yara sun yi mamakin jin cewa a 1953 an fara amfani da bas-bas a garin Yverdon na Suwizalan waɗanda fulawil mai nauyin kilo 1,500 ke tafiyar da su. A tasha ake wulwula shi da lantarki, ya ja motar 'yan kilomitoci zuwa wata tashar. Irinsu sun yi aiki a birnin da yanzu ake kira Kinshasa.

Ga abin da ya fi damun mu. Kashe injin ba ya tsayar da fulawil nan take; yana ci gaba da juyawa da ƙarfin da zai iya karya hannu. Yaranmu kuma kullum ana aiken su kai niƙa ko markaɗe, mata da hijabi ko gyale, maza da riga mai faɗin hannu, suna raɓar bel ɗin da ba murfi. Don Allah ku ja musu kunne: su miƙa kwano su ja baya, kada su sa hannu sai komai ya tsaya cak.

Aikin gidan kuwa mai sauƙi ne. Yaro ya cire zare daga allura, ya taka keken ɗinki, ya ɗauke ƙafarsa, ya ƙirga zagaye nawa babban faifan ƙarƙashin keken, wato fulawil ɗinsa, ya yi kafin ya tsaya, ya sake da sauri, ya rubuta bambancin. Babba ya tsaya kusa. Wanda ba keke a gidansu, ku taimaka ku nema masa izini wurin telan unguwa.

Wassalam,
Shugaban Sashen Kimiyya