Kada a bar jirgin Calypso ya ƙare a kan tudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani ƙaramin jirgin ruwa da nake ba ɗalibaina labarinsa tun ina koyar da labarin ƙasa. Halin da yake ciki yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A birnin Seattle na Amurka aka ƙera shi, aka saka shi a ruwa a watan Maris na 1942, sannan aka miƙa shi ga sojojin ruwan Birtaniya ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ko suna ba shi da shi a lokacin, sai lamba, J-826. Aikinsa share nakiyoyin da abokan gaba ke shukawa a Bahar Rum, sansaninsa kuwa tsibirin Malta. Da katako aka yi jikinsa, kuma da gangan. Akwai nakiyar da maganaɗisu ke tayar da ita, jirgin ƙarfe na giftawa ta kanta sai ta tashi da shi, amma na katako yakan wuce lafiya. Ka duba irin kasadar mutanen cikinsa: su ne ke shiga inda kowa ke gudu, domin manyan jirage su samu hanya.

Da yaƙi ya ƙare, soja suka sallame shi a 1947. Ya koma jirgin fito, yana jigilar mutane da kaya tsakanin Malta da tsibirin Gozo, kuma a nan ya samu suna Calypso. A 1950 attajiri Loel Guinness ya saye shi, ya ba Jacques Cousteau, tsohon hafsan sojan ruwan Faransa mai binciken ƙarƙashin teku, haya a kan faran (kuɗin Faransa na lokacin) ɗaya tak a shekara. Aka gyara shi a garin Antibes na Faransa, har da ɗan ɗaki mai tagogi a ƙarƙashin hancinsa don kallon cikin ruwa, ya nufi Bahar Maliya a 1951. Fim ɗin da suka ɗauko a ƙarƙashin teku ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1956. Jirgin da bai wuce mita 42 ba ya shiga kogin Amazon, ya kai har ƙanƙarar Antatika. Aikin yaƙinsa ɗan lokaci ne, amma ya yi wa ilimi hidima sama da shekara 40.

Abin baƙin cikin ya fara a Janairun 1996, lokacin da wani jirgin dakon kaya ya banke shi a tashar Singafo, ya nitse. An tsamo shi an mayar Faransa, Cousteau kuma ya rasu a 1997. Daga nan sai shari'a a kan wane ne mai shi, sai rigimar kuɗin gyara a garin Concarneau na Faransa. A 2016 aka kai shi Turkiyya, a 2017 gobara ta ci sabon katakon da aka sa masa. Nakiya ba ta ci shi ba, gardamar mutane ce ta hana shi komawa teku har yau.

Ina kira ga Ƙungiyar Cousteau da gwamnatin Faransa su ƙarasa gyaran nan. In ma ba zai sake tafiya ba, a ajiye shi a wata tashar ruwa inda yaran makaranta za su hau, su leƙa ta tagogin nan.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Zariya